Kilo Ashirin da Uku

Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a Otaru,
ni kuwa ina durƙushe ina ninke rigunan shan iska.
Kilo ashirin da uku, in ji takardar jirgi.
Shekara sittin da ɗaya ina tara tarkace,
yau an ce in zaɓi abin da bai fi nauyin ɗan yaye biyu ba
in rayu da shi shekara biyu a bakin kogin Mekong.

Ɗana Noboru ya ɗauko ma'aunin banɗaki,
ya rungumi akwatin ya hau,
ya sauka, ya cire nauyin kansa.
"Mama, kin haura da huɗu."
Bai ce kar ki tafi ba.
Ya gama faɗar wannan tun kaka, bakinsa ya gaji.

Gidan sauro ya zauna daram, ba a taɓa shi.
Maganin zazzaɓi, fitilar goshi, takalmin roba,
almakashina da ya yanke cibiya ta fi dubu,
da ƙahon katakon nan da nake kafawa a cikin mai ciki
in ji ƙaramar zuciya tana sukuwa a duhu.
Wannan ko wuta ta ɗauke ba ruwansa.

Fusae maƙwabciya ta leƙo da shayi, ta ce:
"Chizuru, fitar da jakar fata.
Can damina har bel ɗin mutum tana sa wa gashi."
Na fitar.
Na fitar da butar ƙarfe, da littattafai uku,
da takalmin zuwa biki, wa zai gayyace ni?
Miso kuwa na rage rabi, na ɓoye rabin cikin safa
kamar yarinyar da ta saci alewa.

A aljihu akwai ɗan littafin da nake tara kalmomin Lao.
Nam, ruwa ke nan.
Jep, ciwo.
Sauran sai na je.
Naƙuda dai ba ta taɓa neman tafinta ba.

Noboru ya sake hawa. Saura ɗaya.
Dukanmu mun san ko mene ne.
Yana can ƙasa, ƙarƙashin gidan sauro:
rigar ulu ta mahaifinsa,
mai kauri, ruwan toka, gwiwar hannu ta sha faci,
har yanzu da ɗan warin teku da taba.
Me rigar sanyi za ta yi a garin da gumi ke ɗiga daga haɓa
tun kafin zakara ya yi cara?
Na riƙe ta. Agogo ya yi ta aikinsa.
Fusae ta kalli taga kamar yau ta fara ganin dusa.

Sai na tuna, jariri ko a tsakiyar bazara ya faɗo
da sanyi yake zuwa, ta ka yake shigarsa.

Na nemo bakin zare a hannun hagu na ja.
Ya taho yana lanƙwashe-lanƙwashe, bai yi gardama ba,
shi da bai taɓa yarda da magana a karon farko ba.
Hannu ɗaya, dunƙule ɗaya.
Dunƙule ɗaya, hula uku, in na tsuke saƙa huɗu.
Ragowar rigar na miƙa wa Noboru.
Ya sa ta a haka, hannu guda a waje,
muka yi dariya har Fusae ta ƙware da shayi.

Ashirin da biyu da ɗigo takwas.
Ɗan gurbin da ya rage na bar shi, ban cusa komai ba.

Gobe da asuba zan kwashe dusar ƙofar gida,
in jingine shebur inda Noboru zai gani,
in shiga jirgin ƙasa da rigar sanyi aro.
A filin jirgi zan tuɓe in ba shi ya mayar wa mai ita.