Jan Fenti

A Sabuwar Unguwa, bayan la'asar,
Nafi'u ya zo da tef da gwangwanin fenti.
Yaron da na goya ran da uwarsa ta tafi awo,
yau shi ke auna min ƙofar gida.

"Inna, rumfar nan ta ci hanya taku huɗu.
Takarda ta ce gidan zama ne,
ba wurin niƙa ba."

Na ce, ɗan nan, injin nan shi ya yi katangar,
shi ya ɗora kwanon rufin,
shi ya kai Barira makarantar jinya.
Wanne ne gida, wanne ne ƙari?

Ya sunkuya, ya shafa jan fentin,
ɗan kaɗan, can ƙasa, kamar mai neman gafara.

Ban ƙi gaskiya ba.
Daminar bara ruwa ya rasa hanya,
ya shiga ɗakin Tanimu har gwiwa,
don rumfata ta zauna kan lambatu.

Gobe magini zai ja ta ciki.
Bedin da marigayi ya dasa ne a wurin.
Tun ɗazu nake zaune ƙarƙashinsa
da gatari a cinya.