Kwana Ashirin da Ɗaya

A Sheffield, a kan tagar banɗaki,
kusa da kofin buroshi,
akwai ɗan kati mai ƙwaya ashirin da ɗaya,
a jere kamar gurabun dara.
Kullum da asuba nakan ɓalle guda da farce
in kora da ruwan famfo
mai sanyin da ke shiga har cikin haƙori.

Likita ce ta ce in huta.
Tiyata biyu a shekara uku, ta ce,
mahaifa ma fata ce, tana gajiya.

Da can baƙona ba ya sallama.
A Gusau yakan kwantar da ni kwana biyu cur,
ina murƙususu, kwalbar ruwan zafi a mara,
Inna na jiƙa kanwa tana cewa
daure, in kin haihu zai bari.
Na haihu. Bai bari ba.

Yanzu kuwa ya koyi zaman Turai.
Yana jiran kati ya ƙare,
ya ƙara kwana biyu don kunya,
sannan ya leƙo,
ɗan kaɗan, launin ruwan shayi,
kwana uku ya tattara.
Audugar da na saya tun hunturu
har yau ba ta kai rabi ba.

Amma a wata na biyu ya yi mini ba-zata.
Ranar Laraba, ƙwaya ta goma sha ɗaya,
ina gidan tsofaffi inda nake aiki,
na gama shafa wa Misis Hardcastle mai a ƙafa,
na shiga alwalar La'asar,
sai ga ɗigo.
Ɗaya tak, kamar an ɗiga tawada.

Na tsaya da dadduma a hammata.
In yi, ko in bari?

Nas ɗin asibitin unguwa ta ce ba komai,
yakan faru a watannin farko,
jiki ne ke koyon sabon lissafi.
Ta ƙara da cewa wanda ke zuwa a makon hutu ma
ba irin na da ba ne,
amsa ce jiki ke bayarwa don an janye ƙwaya.
Na ce na gode.
Ban san yadda zan tambaye ta hukuncin salla ba.

Da dare na kira Yaya Saude.
Ta yi dariya har layi ya yanke,
ta sake kira: ke, kwana nawa kika saba?
Ki riƙe kwanakinki, ki tambayi Malama Zinatu sauran.
Sannan ta rage murya,
ciwon fa?
Na ce babu.
Ta yi shiru mai tsawo.
Ta ce, ki turo mini sunan abin.

Nafi'u na ta minshari, ya dawo daga aikin dare.
Yara biyu sun yi ɗai-ɗai a katifa.
Ni kuma ina zaune da kalandar kicin,
wadda kantin halal ya raba,
ina zagaye ranaku da jan biro.

Shekara goma sha tara ina tsoron zuwansa.
Ban taɓa zaton zan zauna ina leƙen hanya ba,
kamar mai jiran bas lamba hamsin da biyu
a cikin yayyafi,
na san zai zo,
amma ina ta duba agogo.