Abin da Maigadi Ya Gani

Ni na share ɗakin tun yana siton auduga,
na kori gafiya, na toshe ramukan gara.
Jauro Barkindo ya dubi kwanon da ke yoyo,
ya ce, "Manu, daga yau sunan wannan wuri banki."

Mutanen Tumu suka yi dariya har da riƙe ciki.

Jarin farko bai zo a aljihu ba.
Arɗo Jungudo ya koro maraƙi,
Adda Yelwa mai daddawa ta kwance bakin zane,
sulalla suka zubo suna warin kalwa.
Wani ya auno wake tiya goma,
ya ce a rubuta da sunan tsohuwarsa.
Malam Lamela, da ya bar koyar da lissafi a Kumo,
ya zauna bisa buhu da littafi a gwiwa,
kowa ya zo ya dangwala yatsa.
Kwana uku, in an ɗaga hannu za a yi kabbara,
da shuɗin yatsa ake gane mai rabo a ciki.

Liman Giɗaɗo ya ce in da kuɗin ruwa, ba shi ba mu.
Aka kwana biyu ana ja,
aka tsaya a kan mu sayo kaya, mu bayar, a biya da kaka:
garmar shanu, keken ɗinki, injin markaɗe, taki.

Akwatin ƙarfe kuwa bijimai biyu suka ja shi daga tasha,
ya cinye mini farcen ƙafa,
har yau tabon na jiki.

Shekarun nan sun yi albarka.
Kuɗi suka bar ƙarƙashin katifa da tukunyar da aka binne.
Na ga mai tallan goro ya zama mai rumfa,
na ga yarinyar da aka biya wa makaranta da kuɗin wake
ta dawo tana duba mata a asibiti,
tana gaishe ni da Baba, yarinyar kirki.

Shekara goma sha ɗaya ina kwana da baka da kwari,
ko kare bai haura katangar nan ba.
Ashe ɓarna da rana tsaka za ta zo,
ta ƙofar gaba, tana ƙamshin turare.
Ni na buɗe mata, har na rusuna.
Ɗan gari ne, kowa ya san kakansa,
wa zai tambayi jingina?
Manyan motoci biyu zai saya, wake ya tafi Kurmi.
Ɗaya ta kife a hanya, in ji shi.
Ɗayar ta zama bene a Gombe,
mu dai muka riƙe baki.

Baƙi suka zo da farar mota,
suka ƙirga, suka sake ƙirgawa,
suka maƙala kwaɗo kusa da nawa,
suka manna takardar da ruwan Agusta ya wanke.
Adda Yelwa ba ta yi kuka ba.
Kullum da hantsi sai ta zo da ɗan littafinta a leda,
ta zauna a bencina, ta ce, "Yau ma babu aiki?"

Lamela ya sayar da babur, ya sayar da gonar fadama.
Ya jera sunaye, ya fara biya daga ƙasa,
daga mai ɗari biyu.
Ya kai kan Adda ana saura mako ta rasu.
Bai kai kan kansa ba.

Yanzu wani yaro ke zaune a ƙofar, ƙarƙashin laima,
da ɗan inji kamar sabulu, yana ba da kuɗi.
Ya tambaye ni me ke cikin akwatin.
Na ce irin wake ne na ɓoye wa ƙwari,
da littafin nan mai yatsu ɗari uku.
Rabinsu suna maƙabarta,
amma shuɗin bai koɗe ba, abin mamaki.