Caja a Bango

Wuta ta zo tun ƙarfe biyun dare
a ɗakin da muke haya mu huɗu a Agege.
Caja na nan a bango, idonta kore,
ba ta da wanda za ta shayar.

Wata goma sha ɗaya ina zubin adashi
wurin Malam Hashimu mai cajin waya,
kafin na sayi babur ɗin da ba ya shan mai,
ba ya tari, ba ya hayaƙi,
tafiyarsa ta kyanwa ce a kan katanga.
Mai shagon ya dafa ƙirji ya rantse mini:
"Wannan ai keke ne, keke fa,
dokar 'yan acaba ba ta san da zamansa ba."
Ban tambayi kowa ba.
Kunne in ya ji abin da yake so, sai ya rufe ƙofa.

Ranar Talata ce, ruwa ya ɗauke,
gosulo ya kwanta daga Ikeja har inda ido ya gaji,
saƙon mutane a bayana yana hucewa,
waya na ta ruri a aljihu.
Hular kwano na rataye a gwiwar hannu,
wai zafi.
Na bar hannuna na shiga na wasu,
na hau dakalin masu tafiya da ƙafa,
ina ratsa jama'a kamar zare a allura.

Ita ba ta ji ni ba.
Ina za ta ji?
Da tsohon babur ne, da ƙararsa ta riga ni sallama.
Tsohuwa ce, farantin lemo a ka,
na taka birki, taya ta ja a laka,
na goge ta da kafaɗa.
Lemo ya watse har ƙarƙashin danfo,
kwandasta na zagi, ita ko ta zauna a ƙasa
tana duban tafin hannunta.

Kafin na ce sannu, motarsu ta tsaya.
Na ce, "Ranka ya daɗe, keke ne."
Kofur ya dubi allon gudu, ya dube ni:
"Keken da ke cin sittin?
Ina lamba? Ina takarda? Ina kanka ya je da hular ke hannu?"
Mutum biyu suka ɗaga shi kamar ragon layya,
suka jefa kan 'yan'uwansa.
Ko a nan bai yi ƙara ba.

Kar a ce duk wanda aka kama ya yi abin da na yi.
Tanimu na da hula, na da rasit,
a ajiye nasa yake yana sallar la'asar,
ya fito ya tarar da inuwa.
A ofis wani ya ce babur ne, wani ya ce jeka ka dawo,
wani ya shafa yatsu biyu, bai ce komai ba.
A rubuta mana mana, baƙi a kan fari:
wane titi ne namu, wace gada ce haram,
mu san iyakar gonar kafin a kama akuya.

Amma nawa, ni na san nawa.
Ba doka ce ta zubar da lemon nan ba.

Jiya na bi ta wurin da ƙafa.
Iya Rofiyat, ashe sunanta ke nan,
ta ɗaure hannu da tsumma, tana fere da ɗayan.
Na sayi na dubu biyu.
Ta gane ni. Ta yi magana da Yarbanci,
rabi na ji, rabi ya wuce,
ta ƙara mini guda ɗaya a leda.

Juma'a aka ce in koma da kuɗin tara.
Ko a ba ni, ko a hana.
Na dai sayi ƙararrawa a Oshodi,
tana aljihuna,
ina tafe tana kaɗawa.