Saƙon da Ya Shigo Ƙarfe Biyar

Teburina na bakin kasuwar Tawa,
rumfar kwano, fitila ɗaya,
da 'yan kusoshi ƙanana kamar ƙwayar gero.
Shekara goma sha ɗaya ina buɗe cikin salula,
ban taɓa jin tsoron wata ba
sai ta Tsahiru.

Na san ta tun tana sabuwa.
Ubansa ya aiko ta daga Abijan
cikin jakar wani ɗan Bambai,
ni na sa mata layi, ni na yi mata riga,
yaron na tsaye yana dariya har kunne,
shekararsa goma sha bakwai
da gashin baki guda huɗu da yake ƙirgawa.

Ran Lahadi ya maido ta a ƙunshe cikin leda,
hannunsa na dama ɗaure da karan maɗori,
fuskar salular ta tsage
kamar bakin tabki in rani ya yi nisa.

Gari duk ya riga ya ji.
Motar kawunsa ce, mai kai ƙanƙara unguwanni,
ba takarda, sai iya juya sitiyari.
Hanyar Kwanni, bayan la'asar,
aljihu ya yi tsuwa, ido ya sauka.
Baba Arzika na tsallaka gudro da amalankensa,
tano biyu na ruwa, jaki ɗaya.
An ce ruwan ya daɗe yana gudu a kan titi
bayan komai ya tsaya.

Ya ce, ba gyara nake so ba, Malam Illa.
So nake in ga abin da na duba.
Na manta shi, wallahi.
Dare ya yi in ta nema cikin kaina,
ba na samun komai sai kunnen jakin.

Na ce ya dawo bayan azahar.

Na cire fasasshen gilashi, na dasa wani,
ta yi haske kamar ba ta san kowa ba.
Na yi fatan in tarar da sunan uwarsa,
ko na wata yarinya daga Geben Zogi,
ko ubansa na cewa ga ni tafe,
wani abu dai mai nauyi
da za a iya ɗorawa a ɗaya gefen sikeli.

Kamfanin waya ne.
Sa kati na dala ɗari yau, a ninka maka.
Garaɓasar za ta ƙare sha biyun dare.

Na zauna da ita a tafin hannu
har shayina ya yi sanyi.
Matar Arzika na takaba a Bilbis,
gidaje tara sun koma neman mai kawo ruwa,
ga kuma abin da aka saya da shi.

Gaban rumfata samari na wucewa bisa moto,
hannu ɗaya a kan ƙarfe, kai a sunkuye,
kamar masu neman allura a cinyarsu.
Rabinsu ni na sa musu layi.

An kira azahar, an sallame.
Ga shi can tafe tsakanin masu albasa,
yana tafiya a hankali, yana duban hanya
hagu da dama, hagu da dama.
Yatsana na kan wurin gogewa.
Ban danna ba. Ban kuma ɗauke ba.