Tsanaki

Takarda ta zo a ambulan mai ruwan ƙasa:
kotun Leeds na nema na,
ni Tabawa, mai aikin dare a gidan kula da tsofaffi,
in zauna cikin mutum goma sha biyu
mu saurari shari'ar wani yaro,
mu ce ya yi, ko bai yi ba.

Daren farko, ina yankan albasa,
na ce, "Wannan aiki sai da tsanaki."
Nazifi ya ɗago kai daga waya.
A nan aka yanke masa cibi,
Hausarsa duk ta bakin murhu ce:
zo, ci, bari, wanke hannu.
Ya ce, "Umma, mene ne tsanaki?"

Na buɗe baki, na rufe.
Shekara hamsin kalmar na hannuna kamar muciya,
ban taɓa juya ta na duba ba.

Na ce jinkiri. A'a.
Bas ɗin Harehills ma yana jinkiri,
ba don yana tunanin kowa ba.
Na ce tsoro. A'a,
matsoraci ko a zaune gudu yake.
Nawa kuwa 'yar wani ɗaki ce daban,
ba ta isowa sai an nannaɗe tabarmi.

Sai Gwaggo Ladingo ta faɗo mini a rai,
can Malumfashi, faifai bisa cinya.
Baƙi na zaure, ruwa na tafasa, itace na ƙarewa,
ita kuwa ƙwaya-ƙwaya,
yatsa guda na ture fari gefe,
yana farautar tsakuwar da ta yi shigar shinkafa.
In an ce ta yi sauri, ko kai ba ta ɗagawa:
"Haƙorin da zai tauna ba nawa ba ne."

Washegari na ga haƙoran.
Yaro cikin kwat da ta fi shi kafaɗa,
uwarsa a bencin baya tana murza igiyar jaka.
Ɗaya gefen, tsohon mai kanti,
ɗinki bakwai a saman gira,
hannunsa na rawa in ya ɗauki kofin ruwa.

Lauya ya tashi da farar hular gashi,
ya yi magana, na ce shi ke nan, ya yi.
Ɗayar ta tashi, na ce wallahi bai yi ba.
Kafin azahar zuciyata ta yanke hukunci sau huɗu.
Na ce mata zauna.
Ba ke za ki kwana a bayan ƙarfe ba,
ba ke za ki buɗe kanti da asuba kina waige ba.

Abin da aka faɗa a ɗakin da aka rufe mu
doka ta ce ya tsaya a ɗakin,
ko ɗan cikina ba zai ji ba.
Iyakar abin da zan ce:
shayi ya huce sau ba adadi,
yayyafi ya zo taga ya tafi ya dawo,
kwana biyu faifan na kan cinyarmu.

Ran da na dawo, ban cire takalmi ba
Nazifi ya ce, "To, kin samo ma'anar?"
Na zuba shinkafa a tire na miƙa masa.
Ya ce, "Umma, ta kanti ce,
inji ya tace ta, babu tsakuwa."
Na ce duba dai.

Ya zauna yana gunaguni.
Wayarsa ta yi ƙara, ta gaji, ta yi shiru.
Yatsansa ya fara da gudu,
can ya koma tafiya.
Har aka kunna fitilun titi.

Ya ce, "Na duba duka. Babu ko ɗaya."
Na ce, "Ɗazu ma haka ka ce."
Ya yi jim. Ya ce, "Ɗazu zato nake."

Na karɓi tiren, na ɗora tukunya.