Mai Gyaran Rediyo Ya Koma Aji

Shekara ashirin da biyu ina gyaran rediyo a Dilimi.
Kawo mini wadda ta yi shiru,
in buɗe bayanta, in hura, in ɗiga dalma,
kafin shayinka ya huce ta soma labarai.
Sai Allah ya ba ni Rumasa'u.

Ranar da faranti ya suɓuce a tsakar gida
kaji suka watse, jaririn maƙwabta ya tsala ihu,
ita ko tana zaune tana tsotsar yatsa,
ko gezau.
Hansatu ta dube ni. Na dubi ƙasa.

An sha rubutu, an yi hayaƙi,
an ɗiga mata man da ban san sunansa ba.
Gwaggo ta ce hannu aka sa,
wani ya ce a bari, zai buɗe da kansa.
A asibiti suka maƙala mata wayoyi a ka.
Na leƙa injin, na gane rabin kayan cikinsa,
ban gane abin da zan yi da maganar likita ba:
yarinya lafiyarta ƙalau,
kunnen ne dai ba na gyara ba ne.

Shekara huɗu muna gida ɗaya
kamar baƙi biyu a tashar mota.
In tana son abu ta ja mini riga.
In ban gane ba ta kwanta tana dukan ƙasa,
ni kuwa in zari hula, in ce aiki ya yi yawa a shago.
Ƙarya nake yi.

Wata mai karas a Farin Gada
ta rubuta mana lamba a bayan kwalin sabulu.
Ajin iyaye ne, kowace Asabar,
ɗaki mai rufin kwano a Nasarawa,
in ruwa ya sauko sai a matsar da benci.
Ba a karɓar ko sisi,
kuɗin keke ne kawai ke cizo.

Malama Nanret, mai jar rigar sanyi,
ta kama yatsuna kamar na ɗan aji ɗaya.
Yatsun da suka tsufa a kan waya da ƙusa
suka ƙi lanƙwasuwa.
Na tashi cewa ruwa, na faɗi wani abin dabam,
har ta dafa allo don dariya.
A bencinmu akwai direban tirela,
akwai matar fasto,
da wata tsohuwa da jika ya faɗo wa a hannu.
Ba wanda ya tambayi wani unguwarsa.
Sanyin Jos ya sandarar da hannu,
mu hura masa baki, mu ci gaba.

Daren Talatar nan, an ɗauke wuta,
na kunna fitila don mu ga juna.
Ta matso, ta ɗaga hannu a hankali
yadda ake yi wa mai nauyin kai.
Ta maimaita sau uku kafin ya shige ni:
Baba, takalmin makaranta yana matse ni.

Tun yaushe?
Tun kafin azumi.

Na cire mata, na riƙe ƙafar,
ga kanta a ɗan yatsa.
Ban san alamar neman gafara ba tukuna,
ba mu kai nan ba a aji.
Ita ta koya mini.

Ta raɗa mini suna ma:
yatsa biyu a gefen kunne, a murɗa,
kamar mai neman tasha.
Yanzu in na doso gida tana daga ƙofa tana murɗawa,
ni kuma in ajiye jaka,
in goge baƙin mai a jikin wando,
in amsa.